Shekarar da Fumfuna Ta Ci Jeren Uwarku

Kun daɗe kuna jin labarin nan ta fuska biyu, kuma duka biyun ba su cika ba. Wasu na cewa uwarku ta je Doha ta waye, shi ya sa ta dawo ba ta son kafet da labule mai nauyi, har falonmu na Zariya ya zama abin da gwaggonku ke kira ɗakin jiran likita. Wasu kuma na cewa iskar teku ce ta cinye mata kaya. Na biyun ya fi kusa da gaskiya, sai dai an manta da wanda ya ba iskar masauki. Tunda na kai shekarun da likita ke yi mini magana a hankali yana kallon uwarku, gara ku ji daga bakina.

Bayan na ajiye alli, wani tsohon ɗalibina ya samo mini aiki a Doha, a kamfanin motocin haya, ina tsara wa direbobi jadawali. Aikin bai bambanta da na makaranta ba: kiran suna, sauraron uzuri, da gane wanda ke ƙarya. Na samu ɗaki da falo a unguwar Ain Khalid, cikin wani babban gida da aka tsaga huɗu da allunan fatishan, ta yadda idan maƙwabci ya yi atishawa dole ka amsa masa. Na yi shekara guda ni kaɗai da katifa da littattafai, sannan uwarku ta iso, wata uku kafin korona ta rufe duniya. Ita ta zo a jirgin sama, kayanta suka biyo baya a kwali tara. Na ce mata zaman nan na ɗan lokaci ne. Ta ce ko kwana bakwai mace za ta yi a wuri, ba ta zama a ɗaki tsirara.

Ku da kuka taso a zamanin kujerun kanti ba ku san jere ba. Uwarku ta san shi kamar yadda na san nahawu. Ta shimfiɗa jan kafet mai kauri daga bango zuwa bango. Ta rataya labulen karan-miski hawa biyu, wanda ko rana ta tsaya a bakin taga sai ta nemi izini. Ta sa na sayo kabet mai gilashi, ta jera kwalla da kumbo da samiru daga babba zuwa ƙarami, kowane da tuma-ƙasa a kansa, kuma babu wanda aka taɓa cin abinci a ciki. Ta kafa faya-fayai a bango. A tsakiyar falo ta ajiye tumtum biyu na jar fata, waɗanda mahaifiyarta, kakarku, ta ba ta ranar da aka kawo ta gidana. Ni kaina ban taɓa zama a kansu ba. Na taɓa ɗora ƙafa a kan ɗaya a shekarar da aka haifi babbanku, kuma ban sake ba.

A ɗaya gefen fatishan akwai Alhaji Isa, direba a kamfaninmu, mutumin zangon Kumasi, da matarsa Mariyama. Sun riga mu zuwa da shekara goma. Ranar da uwarku ta fara shiga ɗakinsu ta dawo da tausayi a fuskarta. Ta ce tayil ne zalla a ƙasa, sai 'yar tabarma da ake naɗewa. Labule fari sharara, kujeru na saƙar gora masu dogayen ƙafafu, matasai masu rigar da ake cirewa a wanke. Babu abin da ya jingina da bango, har katifa an ɗora ta a kan katako mai ramuka.

"Malam, ko dai bayin Allah nan suna cikin wani hali ne? Ɗakin kamar za a tashi gobe."

Washegari Mariyama ta rama ziyara. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi kafet, ta dubi labule, ta shafa tumtum da bayan hannu.

"Yaya, kayan nan ya yi kyau wallahi. Amma garin nan teku na shiga ɗaki. Ba ruwa ba, numfashinsa. In zafi ya zo za ki gani, gilashi na gumi kamar mutum. Ki janye kabet daga bango, kuma esi mai sanyaya ɗaki, kada ki bari ya mutu."

Da ta fita uwarku ta tambaye ni me littafi ya ce. Haka take tambayata komai a lokacin, tun daga maganin sauro har zuwa kusufin wata. Na gaya mata Qatar hamada ce, kuma na koyar da labarin ƙasa na wucin gadi har zango biyu, ban taɓa ganin inda aka rubuta hamada na jiƙa kaya ba. Ban gaya mata cewa a taswirar da na riƙa nuna wa yara ruwa ya kewaye ƙasar ta gefe uku ba, domin ni ma ban tuna ba.

Sai kulle ya zo. Ni ina fita aiki da takardar izini da takunkumi, uwarku tana gida. Ba ta jin Larabci sai na salla, ba ta jin Turanci sai na asibiti. Duk faɗin Doha mutum ɗaya ke jin maganarta, kuma yana bayan allon fatishan. Akwai wata 'yar taga a kicin da ke kallon ta Mariyama. Ta nan suke miƙa wa juna kwano, tuwo da miyar kuka su tafi, shinkafa da wake da baƙin yajin Kumasi su dawo. Ta nan suke gardama a kan wace Hausa ce ta asali. Da ciwon ya kama uwarku aka killace mu, mako biyu Mariyama tana ajiye abinci a bakin ƙofa sau uku a rana, ta ƙwanƙwasa, ta koma bayan allo ta yi ta surutu don kada Yaya ta ji shiru. Ni mijinta ina dafa ruwan zafi ina karanta mata bayanin magani. Kun ga wanda ya fi amfani.

Damina biyu ba mu je gida ba, idan za a kira abin da ake yi a can damina. Esi bai taɓa hutawa ba saboda kullum muna ciki, kaya suka zauna lafiya, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa littafi ya yi gaskiya. A shekarar gasar cin kofin duniya aka sassauta, na samu hutun mako shida a tsakiyar zafi. Kafin nan Ghana ta fitar da Najeriya daga zuwa gasar, Alhaji Isa kuma ya ɗauki abin kamar shi ya buga. Kullum da safe sai ya leƙo ofis.

"Malam, in ajiye maka kujera a motata ranar wasanmu? Baƙi ma muna ɗauka."

Na faɗi wannan ne don ku san halin da zuciyata ke ciki game da shawarar mutanen Kumasi. Ana gobe za mu tashi uwarku ta wanke kafet da kumfa, don ta dawo ta tarar da shi fes. Ta kai wa Mariyama makullin ɗaki, suka yi yarjejeniya a gabana: a bar esi yana aiki kaɗan-kaɗan, Mariyama ta riƙa shiga duk Juma'a tana dubawa. Na gyaɗa kai. Da safe muka loda akwatuna a motar Alhaji Isa, uwarku ta shiga ta zauna. Sai na ce na manta tabarau.

Ina so ku fahimce ni, ko da ba za ku ba ni gaskiya ba. Na yi shekara arba'in ina bin ku ɗaki-ɗaki ina kashe ƙwan lantarki. A Zariya mutum ba ya tafiya kasuwa ya bar rediyo a kunne, balle ya haye teku ya bar na'ura tana hura sanyi ga kujeru. Kuɗin wuta yana cikin kuɗin haya, ko na kashe ko na bari babu abin da zai canja, na sani. Amma hannuna bai sani ba. Na kashe esi, na sauke babban makunnin wuta, na ja labule hawa biyun na rufe ruf. Sannan na tuna Mariyama za ta shigo ta kunna, sai na ɗauko kwaɗon da na zo da shi daga gida na maƙala a ƙofa. Na fito da tabarau a hanci, wanda dama yana aljihuna.

Mun yi kwana goma a Zariya sai ga saƙon Alhaji Isa a wayata. Ya ce ya ga kwaɗo a ƙofa, kuma bai ji ƙugin esi ta waje ba, ko lafiya? Na zauna na rubuta masa amsar da na yi alfahari da ita a lokacin: Alhaji, ɗakin da babu mutum a ciki ba ya jin zafi. Ya aiko da kalma ɗaya, khalas, wato shi ke nan. Ita kuwa Mariyama, na ji daga baya, da ta zo Juma'ar farko ta ga kwaɗo, ta tsaya da makulli a hannu. An ba ta makulli a gaban mutane, an kuma sa kwaɗo a bayan idonta. Ta ɗauka Yaya ce ta yi tunanin kwallayenta. Ba ta kira ba, ba ta tambaya ba, ta koma ɗakinta ta ajiye makullin a cikin kofi.

Ranar da muka dawo, muna fita daga filin jirgi tabarauna ya yi fari fat da raɓa, ban ga komai ba sai da na goge. A nan na tuna maganar Mariyama. Mota na tsayawa na ce bari in riga ku in buɗe. Na cire kwaɗo na jefa a aljihu, na tura ƙofa, na ɗaga makunni, na kunna esi. Sannan warin ya iso gare ni. Na taɓa shiga ɗakin ajiyar littattafan makaranta bayan rufi ya yi yoyo damina guda. Wannan ya fi shi. Jan kafet ya yi tabbare-tabbare fari da kore kamar taswirar da ban karanta da kyau ba. Labule ya yi nauyi, ya yi furfura daga ƙasa. Bayan kabet bango ya yi baƙi, bakin kwallaye ya yi tsatsa, faya-fayai sun yi gashi. Tumtum biyu kuwa sun tsiro da wani lallausan gashi toka-toka, har na ɗauka wasu dabbobi ne suka shigo suka kwanta. Littattafaina ma sun kumbura, amma ba zan sa su a lissafin masu alhaki ba.

Uwarku ta shigo ta tsaya. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta shafa tumtum ɗaya, fatar ta biyo yatsanta. Ta ɗaga kai ta ga esi yana hurawa. Ta miƙe ta nufi tagar kicin.

"Mariyama! Yau kika tuna da kunna shi, da kika ji mun sauka?"

"Ni? Ni ban taka ɗakinki ba, Yaya."

"Ai na gani. Amanar da na bar miki ke nan."

"Amana? Ki tambayi kwaɗonki."

Uwarku da hannunta ta kulle ƙofar nan, ba ta san da wani kwaɗo ba, don haka ta ɗauki maganar a matsayin rashin kunya. Ta rufe tagar. Kwaɗon yana aljihuna, yana taɓa cinyata. Kalma biyar za su isa a lokacin. Na shafe rayuwata ina gaya wa yara cewa mai laifi ya tashi tsaye kafin a hukunta aji duka. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Hajiya, bari mu fara fitar da kafet."

Kwana uku muna fitar da kaya. Kafet da labule da faya-fayai suka tafi bola. Kwallaye muka goge da toka da lemun tsami, wasu suka dawo, wasu suka ƙi. Tumtum ta shanya su a rana, ta shafa musu man kaɗe, ta yi musu turaren wuta, amma fatar ta riƙa ɓarewa, warin kuma ya ƙi fita. Ranar da ta haƙura ta sa su a baƙar leda da kanta, ba ta bari na taɓa ba. Daga nan falo ya zama tayil da tabarmar salla. Na ce mu je kasuwa mu sayi sababbi. Ta ce ba ta so. Tagar kicin ta zauna a rufe wata biyu. Matan nan biyu suna jin motsin cokalin juna ta cikin allo, kowace tana dafa abinci daidai cikin gidanta. Ni kuma kullum da safe Alhaji Isa zai zo karɓar jadawali, ya sa hannu, ya dube ni ta saman takarda.

"Malam, yaya ɗaki? Ya ji zafi ko bai ji ba?"

Bai taɓa gaya wa matarsa abin da na rubuto masa ba, bai kuma gaya wa tawa ba. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce shi direba ne, ba ya sauke fasinja a inda bai ce a tsaya ba, amma in sani motar ba ta da mai da yawa.

Gari ya fara sanyi, tutoci suka cika tituna, baƙi suka fara sauka. Aiki ya yi mana yawa, motocinmu suna jigila tsakanin masaukai da filin wasa na Lusail tun safe. Wata Juma'a bayan masallaci na dawo na tarar uwarku ta sauko da akwatinta tana ninke zannuwa. Ta ce da an gama ƙwallon nan jirage sun yi sauƙi, in nema mata kujera. Ta ce ba fushi take yi da ni ba. Ta ce tana yini ba ta furta kalma ba sai in na dawo, ɗakin ba nata ba ne, maƙwabciyar ba tata ba ce, to zaman me take yi. Ta faɗe shi a hankali tana ninke zane, yadda ake faɗin farashin gishiri.

Na shiga ɗaki na buɗe jakar takarduna, inda na ɓoye kwaɗon a ƙarƙashin takardar fansho. Na kawo shi na ajiye a kan zanen da take ninkewa. Na yi bayani. Na fara da tarihin wutar lantarki a Zariya, na biyo ta kan tarbiyyar tattali, ina shirin shiga bambancin hamada da gaɓar teku ta ɗaga hannu.

"Kai ka kashe?"

"Ni ne."

"Kai ka sa wannan?"

"Ni ne."

"Kana tsaye a bayana ranar da na yi wa yarinyar nan magana ta taga?"

"Ina tsaye."

Ta dubi kwaɗon. Na shirya wa kuka, na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Sai ta ɗauki mayafinta ta yafa.

"Tashi. Ɗauko shi. Abin da ka gaya mini za ka maimaita a ƙofarta, amma ka cire tarihin."

Muka zaga ta tsakar gida, ita a gaba ni a baya, kamar yadda na sha rako ɗalibai ofishin shugaban makaranta. Alhaji Isa ne ya buɗe, sanye da rigar ƙwallon ƙasarsu. Ya dubi hannuna, ya juya ciki ya ce, "Mariyama, fito, fasinja ya ce a tsaya." Ta fito tana goge hannu. Na ce ni na kashe esi, ni na sa kwaɗo, Hajiya ba ta sani ba sai yau. Mariyama ta dubi uwarku.

"Yaya, ba ke kika sa ba?"

"Ni da na ba ki makulli? In sa miki kwaɗo in ce me?"

"Na ce ko kwallayen ne."

"Kwallayen banza! Da kin kwashe su ai da sun tsira."

Mariyama ta kama hannunta ta ja ta ciki, suka rufe ƙofa. Ni da Alhaji Isa muka tsaya a tsakar gida. Da farko shiru, sai muka ji kamar kuka, can kuma sai dariya, irin wadda mutum ke yi har ya nemi bango. Na ji an ambaci ɗakin da babu mutum a ciki, na gane Alhaji Isa ya karya alkawarin direbobi tun kafin in gama sauka, ta wayar da ya miƙa wa matarsa. Ya ce saƙo mai kyau irin wannan bai kamata ya mutu a waya ɗaya ba.

Jeren na biyu su biyu suka yi shi, ni ne ɗan dako. A makon da duniya ke tururuwa zuwa filayen wasa, ni ina bin mata biyu a kasuwa da kujerar gora a ka. Suka zaɓi labule fari mai shan iska, tabarmi masu naɗewa, matasai masu rigar wanki. Aka janye kabet taku guda daga bango, aka rage kwallaye zuwa shida da suka tsira. Uwarku ta ƙi yarda ɗakin ya zama na Mariyama sak, ta sa aka ɗinka wa matasan riguna da atamfa ja, ta saƙa sababbin faya-fayai da zaren roba. Sau ɗaya na ce a ganina kujerar nan ta fi kyau a kusa da taga. Babu wadda ta juyo. Ta mayar da zannuwanta cikin durowa, muka ƙara shekara uku a gidan. Tun daga ranar kuma ba ta sake tambayata me littafi ya ce ba, kuma ku shaida ne.

Bara, muna zaune a falon nan na Zariya, na ga ranta a sake, na tambaye ta ko ta yafe mini tumtum ɗin kakarku. Ta ce fata ce, dama wata rana za ta mutu, wannan ta yafe tun a Doha. Na fara godiya. Ta ce in dakata, wata biyun da na bar ta tana gaba da Mariyama, shi har yanzu tana dubawa.